Kwanon da Ake Fitarwa da Sunana

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan fili ina girgiza kai a kan labaran mutane, yau ga nawa, kuma ba zan kama sunan kowa ba. A shekarun da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni ƙaramin akawu ne a wani ofishin gwamnati a cikin gari, matashi mai babur da agogon hannu, mai jin cewa ya waye fiye da duk wanda ya bari a gida. Ni mutumin Argungu ne, matata ma haka, 'yar manoman shinkafa ce, mace mai kawaici wadda sai ka yi da gaske kake jin cikinta. Muna da 'yan mata biyu ƙanana, tana kuma ɗauke da ciki na uku. Haya a cikin gari ta fi ƙarfin albashina, don haka na kama wani ɗan gida a Gwadangaji, wurin wani dattijo manomi. Lokacin wurin ƙauye ne sosai, ba kamar yanzu ba.

Unguwar tana da al'adar ciyayya. Da an idar da sallar magariba sai a baza tabarmi a ƙofar gidan dattijon nan, kowane magidanci a fito da kwanon tuwo daga gidansa, a haɗa a ci tare. Baƙo ya ci, gwauro ya ci, wanda ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba shi ma ya ci, ba wanda zai dube shi. Amma gidan da ya daina fitar da kwano ana lura da shi ko da ba a yi magana ba. Da farko nakan zauna da su. Daga baya hirar ta gundure ni, kullum zancen ruwan fadama ne da tsuntsayen da ke cinye shinkafa da farashin albasa. Na fara zillewa, kuma a ganina da na bar tabarmar, maganar kwanona ta ƙare ke nan.

Cin abincin waje ya shige ni ne ta hanyar da ba wanda zai ga laifinta. Gida da nisa, ba zan iya komawa cin abincin rana in dawo aiki ba. Kusa da ofishinmu akwai rumfar wata mata Kirista, mutumiyar wajen Filato, mijinta tsohon ɗan sanda ne. Madam muke ce mata. Gaskiya ta iya girki, kuma ba ta da ha'inci. A wurinta na san sakwara da miyar agushi, a wurinta na saba da farfesun kifi mai yaji wanda sai ka share gumi. Daga rana abin ya koma har da yamma, domin idan an tashi aiki can abokai ke taruwa, yau wannan ya biya, gobe kai ka biya, kuma ranar da ta zo kanka ba ka so a ce ka yi ƙoro. Sai in koma gida a ƙoshe, in tarar da kwanona a rufe a kan tabarma a ɗaki, in ɗaga murfi in mayar. Da safe ta ɗumama wa yara.

Sai zamani ya juya. Kaya suka yi tsada, albashi ya koma sai ya ga dama yake isowa daga Sakkwato, wata ya ƙare a shiga wani ana jira. Dole in rage wani abu. Mai hankali da rumfar Madam zai rage, ni kuwa sai na zauna na yi irin lissafin da nake taƙama da shi. Na ce mu huɗu ne a gida, ni ne mai ci da yawa, kuma ga shi ba na ci. Ke nan ina biyan cikina sau biyu, a gida da waje. Na gaya wa matata daga yau ta daina sa sanwa da ni, na kuma zaftare kuɗin cefane da abin da na ƙiyasta rabona ne, har da ɗan ƙari. A hankali ta ce tukunya ba haka take ba, itacen da zai dafa na mutum huɗu shi zai dafa na uku, man ja da daddawa ma ba a sayar da su da kan mutum. Na katse ta. Na ce ai ga buhun shinkafar da iyayenta suka aiko da kaka, gidan da ke da shinkafa ba ya kukan yunwa. Ba ta ƙara cewa komai ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin ta gane.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, ɗan nama da busasshen kifin da ke shiga miyar gidana, daga wannan kuɗin da na zaftare suke fitowa. Da na fita daga tukunyar, su ma suka fita. Miya ta koma kuka da gishiri da kanwa. Ban sani ba, domin ban ƙara buɗe tukunyar ba. Abin da na gani kawai shi ne matata tana ramewa alhali cikinta na girma. Tafin hannunta ya yi fari, idan ta sunkuya shara sai ta dafa bango kafin ta miƙe, hawa ɗan tudun ƙofar ɗaki ma sai ta yi haki. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce laulayi ne. Na ji daɗin amsar, don ba ta buƙaci ko kwabo daga aljihuna ba. Ko Madam sai da ta taɓa tsokanata, ta ce Oga, kai kullum nan rana da yamma, matarka ba ta girki ne? Na yi dariya na ce tana yi, nata ne ya fi daɗi. Ba ta yi dariyar ba, ta ce in riƙa tafiya gida.

Ranar da abin ya faru ina rumfar da tsakar rana, hannuna cikin farfesu, wani maƙwabcinmu ya shigo a kan keke yana nemana. Ya ce matata ta faɗi a bakin rijiya, an ɗauko ta zuwa asibiti. Na same ta a kwance kamar an wanke ta, leɓɓanta ba launi. Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace, ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna mini, ta ce babu jini a jikin baiwar Allah nan, ga kuma naƙuda ta taso tun lokaci bai yi ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, mi ta ka ci a gida?" Wallahi Edita ban sani ba. Da abincin rumfar Madam ta tambaye ni, da na lissafa mata na kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a. Na ce shinkafa. Ta ce da me? Aka ce ana bukatar jini, aka gwada nawa ya yi daidai. Wanda ya ɗiba yana ta yaba mini, wai ni kam jini ya ishe ni, a ɗibi leda biyu ma ba zan ji ba. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni irin wannan ba.

Ta haihu, namiji, ɗan mitsitsi. Bai kai ranar suna ba. Na san rai na Allah ne, kuma na san ko 'ya'yan masu cin kaza kullum suna komawa. Mutane sun yi ta gaya mini haka, ni ma na yi ta gaya wa kaina. Bai hana ni jin abin da nake ji ba.

A zaman gaisuwa ne dattijon da nake haya a gidansa ya matso kusa da ni yana ba ni haƙuri. Cikin yabon matata sai ya ce, "Ɗana, Allah ya ba ka mata. Tun da kab bar zama da mu, ko dare guda ba a hwasa hiddo kwanonka ba. Ko da miya ta yi ruwa, kwanon ga cike ya ka hitowa." Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai, bai san abin da ya yi mini ba. Na zauna ina jin mutane na shigowa suna fita, ina amsa gaisuwa da baki kawai. Ni na cire rabona daga cefane. Yara biyu kuwa ba a rage musu, na ga kumatunsu. To wannan kwano cike da ake fitarwa kullum, rabon wa ne?

Iyayenta suka zo suka tafi da ita Argungu wankan jego, ko da yake ba jaririn. Da na je duba ta, surukata ba ta fito ba, kamar yadda aka saba, ba ta kuma aiko mini da baƙar magana ba. Tuwon shinkafa ta aiko mini zaure da miya shaƙe da kifi. Na kasa kai loma. Da aka ba ni izinin shiga, na tarar da matata a jingine da bango, ta ɗan fara dawowa hayyacinta. Na tambaye ta don me ta yi haka, don me ba ta daina fitar da kwanon ba, ko ta gaya mini. Ta ce ta gaya mini tun farko, ni ne na ce akwai shinkafa. Game da kwanon kuma ta dube ni da mamaki, kamar na tambayi abin da ko yaro ya sani, ta ce, "Ƙaƙa za a ce gidanka ba a hid da kwano, Malam, kana da rai?" Ashe duk watannin nan sunana take ciyarwa a ƙofar gida, ita kuma ta kankare ƙanzo ta sha ruwa ta kwanta.

Ban sake zama a rumfar Madam ba, ko da yake ita ba ta yi mini laifin komai ba. Na koma tabarmar ciyayya, na saurari zancen tsuntsaye da albasa har na iya shi. Kuɗin da nake kashewa ni kaɗai a waje, da na mayar da shi cefane, sai ga shi yana ciyar da gidan gaba ɗaya da nama har a yi saura. Wannan lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, ni ne dai ban so yin sa ba, domin daɗin bakina yana ciki. Matata ta rayu, alhamdu lillahi, amma ƙarfinta bai dawo kamar da ba, kuma Allah bai sake ba mu haihuwa ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Wani lokaci nakan ce da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu na tsufa, na gaji, kuma ina ganin samari ma'aikata suna yin abin da na yi, sun cika wuraren cin abinci suna cewa ya fi musu arha da sauƙi. Ban ce kada mai aiki nesa da gida ya sayi abinci ba. Amma ɗan'uwa, idan kana gwada tsadar waje da ta gida, kada ka yi lissafin cikinka kaɗai, akwai waɗanda abincinsu ke rataye da naka. Kada kuma ka ɗauki shirun matarka a matsayin ƙoshi, da yawansu za su rufa maka asiri da jikinsu ba ka sani ba. Ka shiga madafa ka buɗe tukunya da hannunka. Ni har yau idan ta ajiye mini kwano, ba na sa hannu sai ta kawo nata na gani. Takan yi tsaki ta ce tsufa ya sa ni fitina, sannan ta je ta ɗauko.