Kabewar da Illo Ya Noma Don a Gani

Da aka ce mini akwai mai garka a bakin tabkin Madarumfa da ke noma irin na mutanen Ingila, ban yarda ba. Na yi shekarun karatu a can, na san sanyinta da yayyafinta, ban ga abin da zai haɗa ta da yashinmu ba. Na ɗauka ba'a ce irin ta majalisa, sai da na je da ƙafata.

Sunansa Illo, dattijo ne siriri mai sanyin magana. Albasa da tumatir da kabewa yake nomawa a garkar da ya gada, kuma bai taɓa wuce Katsina ba. Ingila ce ta zo ta same shi a gidan abokinsa Yowel, tsohon malamin Ingilishi da ake kira Mushe kamar kowane malamin boko a nan, Kirista mutumin Maraɗi, wanda ya zauna Madarumfa bayan ya bar aiki. Wata la'asar Illo ya kai masa tumatir, ya tarar da shi gaban tele, wato talabijin. Nan ya tsaya da kwando a hannu.

Wata babbar rumfa ce ake nunawa a kan koren fili. Tsofaffin Turawa masu huluna suna turo kabewa a kan baro, kowace sai ƙarti sun taru kafin ta ɗagu. Ga albasa kamar kan mutum. Wani mai farar riga yana bin su da igiyar awo, fuskarsa kamar ta alƙali.

"Mushe, wagga kasuwa ce?"

"Gasa ce. Kowa ya kawo abin da ya noma a gani."

"In an gani fa?"

"Wanda ya yi na ɗaya a ba shi ɗan jan kati, ya koma gida."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ko so kake a naɗa shi sarkin noma?"

Illo bai yi dariya ba. Ya ajiye kwandon, ya zauna. Yowel ya ba shi labarin 'yan ƙananan garake da mutanen birni ke karɓa haya a can, da yadda a babban yaƙi aka riƙa nutsar da jiragen ruwa masu kawo musu abinci, har suka kafce filayen wasa suka shuka dankali. Illo ya san shekarun yunwa, ya ga mata suna tonon gidan tururuwa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutanen da suka ɗanɗani wannan, yau jikokinsu suna noma abinci don ido. Tun daga ranar, duk sa'ad da za a nuna masu garka, yana kan tabarmar Yowel, shi kuma yana fassara masa.

A nan ya koyi sirrin. Yaɗo ɗaya, ɗiya ɗaya. Duk sauran 'ya'yan sai a tsinke su tun suna ƙanana, ƙarfin uwar ya tafi wuri guda. Ga mai garka a wurinmu wannan kusan saɓo ne. Ranar da ya fara, matarsa Kulu ta bi bayansa tana tsince su a zane.

"Malam, Allah ya ba ka takwas, ka ce ɗaya kake so?"

"Haka suke yi."

"Su wa? Su za su ci da mu?"

Kabewar ta girma yadda ba a saba gani ba. Illo ya shimfiɗa mata yashi mai laushi, ya bar ta a fili, yana kiran masu wucewa su gani, tunda don haka aka noma ta. Mutane suka yi ta yabo, ba kowa ke tunawa ya ce tubarkalla ba. Isma'ila masunci ma cewa ya yi ta fi randar gidansu. Ba a daɗe ba, wata safiya Illo ya same ta ta tsage daga sama har ƙasa. Kulu ta ce baki ne. Yowel ya ce ruwa ne ya yi mata yawa. Illo ya yarda da su duka biyun.

Da shekara ta zagayo ya shuka irin wadda ta tsage. Ya rage ruwa, ya kewaye ta da zana, ba mai leƙawa sai shi. Ta wuce ta bara. Sai dai hankalinsa bai kwanta ba. In ya buɗe zanar, yana tsoron baki. In ya bar ta a rufe, to me ya noma? Tsofaffin nan na tele ba ɓoyewa suke yi ba. Yakan tsaya a kanta shi kaɗai, ya ɗora tafin hannu a kan sanyin bayanta, yana jin kamar ya ɓoye ɗa.

Kulu ce ta raba gardamar. 'Yarsu ta haihu, ana shirin suna.

"Ka bari ta nuna, ka tsinke ta da hannunka," in ji ta. "Ran suna a aje ta ƙofar gida, kowa ya kalla ya ƙoshi. In ma akwai mai baki, bakinsa ya iske ta cikin tukunya."

Haka aka yi. A kan amalanke aka kawo ta, Illo na tafe a gefe yana riƙe da ita. Wani ƙato ya gwada rungume ta, hannuwansa ba su haɗu ba. Liman ya zagaya ta a hankali, ya ce tubarkalla, jama'a suka amsa. Yowel ya zo da igiyar awon tela, ya ɗaure fuska ya auna, sannan ya miƙa wa Illo jan kwalin da ya yanko daga akwatin shayi. Da hantsi mata suka sa mata wuƙa. Unguwa duka ta sha miyar taushe, an raɗa wa jaririyar Bushira, kuma masu garka suka tafi da 'ya'yan kabewar a aljihu.

Lokacin da na je, wata tana bayan zana, bai nuna mini ba, ni ma ban roƙa ba. Na ce masa na zauna a Ingila, na sha ganin irin garaken nan ta tagar jirgin ƙasa. Ya dube ni kamar wanda ya dawo daga wani wuri mai tsarki. Sai na tambaye shi, da za a kai shi can, me zai fara nema?

Ya murza ƙasa a yatsunsa.

"Tsohon nan mai jan kati," in ji shi. "In gaishe shi da aiki. Sannan in tambaye shi wa ya ci tashi kabewar, don har yau tele ba ta nuna ba."