Ƙafafun da Na Zaɓa wa Motar Baba

Ranar wata Asabar, a ƙarshen bazarar da nake aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, Baba ya tsugunna da ni a gaban rumfar Malam Buba mai faci, kusa da babbar kasuwar Garwa. Tsohuwar kat-kat ɗin da ya sayo, wato motar shiga daji, tana ɗage a kan jak, an jera mana ƙafafu iri biyu a ƙasa. Na farko ƙananan jant ne, wato ƙarfen da roba ke zama a kai, baƙaƙe munana, da roba mai kaurin gaske. Na biyu manya ne, farare fes, har fuskata nake gani a jikinsu, robarsu kuwa 'yar siririya.

Baba yana da wata al'ada. Ni ce auta, kuma duk abin da za a saya a gidanmu, daga ragon layya zuwa tabarmar zaure, sai na ɗora hannu a kai. "Hannun Autata da albarka," haka yake faɗa. Malam Buba ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Alhaji, waɗannan fararen na kwalta ne. Hanyar Bibemi da kake bi duk dutse ce, kuma in sun fashe a daji ba mai irinsu." Baba ya yi murmushi ya dube ni. Ni kuwa, sarkin rawar kai, tuni hannuna yana kan masu ƙyalli.

Na sha daɗin zaɓina, ba ƙarya. Kullum da safe, bayan na share tsakar gida na zuba wa kaji dusa, sai in ɗauki bokiti da soso in wanke jant ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Da yamma mu zana 'yar gala-gala a gefen motar, duk yarinyar da ta taɓa min ƙarfe da hannun datti, ranar ba ita ba wasa.

Da damina ta yi nisa, wani mai babur ya iso da hantsi ɗauke da saƙo. Dada, mahaifiyar Baba, wadda ta ƙi barin gonar gyaɗarta a wani ƙauye gaba da Bibemi, tana kwance rai a hannun Allah. Ta ce a kawo mata ɗanta da Auta.

Muna barin kwalta ba da nisa ba, dutse ya fasa tayar gaba, ƙarfen ya lanƙwashe. Baba ya sa safaya. A gangaren wani rafi ta baya ma ta tafi. Masu a-kori-kura da ke dawowa daga cin kasuwa sun tsaya mana har sau uku, kowa ya sauko da tasa don taimako. Robarsu ba ta hawa jant ɗinmu, ramukan ƙusar nasu kuma ba su zo daidai da motar ba. Azahar ta wuce muna sa rai. Daga ƙarshe Baba ya kulle motar, ya saɓa ni a wuya, muka kama hanya cikin taɓo. Muna shiga ƙauyen muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, fartanyoyi a kafaɗa.

Har ya koma ga Allah, Baba bai taɓa ce min kanzil a kan wannan ba. Da ma dukana ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya mayar wa motar baƙaƙen ƙafafu, ni kuma ban sake wanke ta ba. Da layya ta zo, aka jera raguna a ƙofar gida, na ɓoye hannuwana a baya ina kuka. Ya kamo na dama a hankali, ya ɗora a kan wani rago, ya ce wannan za a saya.

Yau Garwa cike take da manyan motoci masu ƙafafu masu ƙyalli, kowa kuma da waya a aljihu, sallamar ƙarshe ma ta waya ake yi. Ni dai in mota ta wuce, kaurin robarta nake fara dubawa. Dada ta kira mu tun da safe, ni na sa muka makara.