Injin da Ba Ya Buƙatar Kowa

Shekara talatin da biyu mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi yana dafa wa mutane gahawa a wani kamfanin gine-gine. Ofishinsa, in har za a kira shi ofis, wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene: famfo ɗaya, murhun gas, kanta uku ta kofuna, sai kujerar roba da ba ya yarda kowa ya zauna a kai. Baban Gahawa duk ma'aikata ke ce masa, har manajan da ya girme shi. Kullum da farar riga tas, da ɗan injin niƙa na hannu a kan cinyarsa yana juyawa. Ba ya awo da cokali. Da tafin hannu yake ɗibar garin ya zuba a ƙyallen tacewa, ya ɗaga buta sama ya riƙa sakin ruwan zafi siriri yana kewayawa. In ka yi masa magana a wannan lokacin, ko kallo ba ka ishe shi ba.

Mutum arba'in ne a benen nan, kuma ya san yadda kowa ke sha. Ya ma san abin da ba a faɗa masa ba. Yakan dawo gida ya ce wa mahaifiyarmu, "Akawun nan yau an kwana da faɗa a gidansa." In ta ce wa ya gaya masa, sai ya ce, "Kofinsa. Har ta huce bai taɓa ba."

Shekara ɗaya bayan an sallame shi daga aiki mahaifiyarmu ta rasu, na ɗauko shi ya dawo gidana, ɗakin da ke kusa da kicin. Na ce ya huta. Ashe hutu a wurinsa zagi ne. Biyar da rabi na safe za ka ji ƙurr ƙurr na injin niƙan nan. Shida daidai zai buga mana ƙofa da gwiwar hannu, don hannayen na riƙe da tire.

"Uwata, ki sha kafin ta huce."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Maigidana da ko ƙanshin gahawa ba ya so, kunyar suruki ta sa ya koya, har ya zo ya fi ni ci. Ni kuwa malamar makaranta ce, shida da rabi nake fita, kuma sau da yawa a tsaye nake kurɓa ina neman makullin mota, ban ko ce an gode ba. Baba yana tsaye a bakin ƙofa har sai ya karɓi kofin da hannunsa.

Sai hannun ya fara rawa. Da farko ƙarar kofi a kan faranti kawai muke ji, muna yin kamar ba mu ji ba. Daga nan ruwan zafi ya zubo masa a ƙafa, ya ɓoye ƙunar cikin safa kwana uku, sai da ɗingishi ya tona shi. Ana haka wata safiya ya bar buta babu ruwa a kan wuta har mariƙinta ya narke, hayaƙi ya cika gidan. Ni dai zuciyata a kusa take, kowa ya sani. Na yi ta faɗa kamar na ari baki. Na ce so yake ya ƙone mu? Na ce wa ya sa shi, wa ya aike shi? Yana tsaye riƙe da ƙyallen tacewa. Tsoro ne ya sa ni, amma shi faɗan kawai ya ji.

A ranar na yanke shawarar sayen injin gahawa na lantarki. Kuma ba na yin abu rabi da rabi. Mako uku ina bincike. Na tambayi malamai a ɗakin hutu, na karanta abin da masu saye suka rubuta a waya har idona ya yi ja, na shiga shago huɗu. Har takarda na rubuta: ya zama mai kashe kansa, butarsa ta ƙarfe ba ta gilashi ba, kada ruwan zafi ya fito fili, a samu kayan gyaransa, kada wuta ta yi ƙarfi ya ƙone. Masu shago suka fara ɓuya in sun hango ni.

A shago na huɗu wani mai ƙaton tumbi ya sauko mini da wani baƙi daga saman kanta, ya buga shi da tafin hannu.

"Hajiya, in dai wanda ba zai ba ki kunya ba kike nema, ga shi. Ki zuba masa gari da ruwa tun da yamma, ki saita masa lokaci, ki je ki kwanta. Da kansa zai tashi, ya dafa, ya kashe kansa."

"Ba sai an tsaya a kansa ba?"

"Wa zai tsaya? Wannan ba ya buƙatar kowa."

Wallahi daɗi maganar ta yi mini. Na rungumo kwalin zuwa mota ina jin na cika 'ya.

Na ajiye shi a kan kantar kicin, na kira Baba na yi ta nuna masa maɓallai kamar ni na ƙera. Tsohuwar butarsa ta biyu da injin niƙan da ƙyallen kuwa na tattara su na ɗora can saman kabad, inda hannunsa ba zai kai ba. Washegari shida daidai injin ya yi tsuwa. Baba ya riga ya fito, da hularsa, yana zaune a kan kujera yana kallon yadda gahawar ke ɗiga. Na zuba masa. Ya shaƙa, ya kurɓa, ya juya ta a baki.

"Ya iya," ya ce.

"Ka gani ko, Baba? Yanzu sai ka riƙa barcinka."

"To, Uwata."

Makon farko yana fitowa ya goge injin da tsumma. Na ce ya bari, ba ya datti. Ya ce to bari ya riƙa zuba garin. Na ce na riga na zuba tun jiya. Ya ɗauki tire zai kawo mana ɗaki, na karɓe, na ce kofunan za su faɗi. Duk ƙofar da ya nufa sai na riga shi na rufe, kuma kowace da murmushi na rufe ta.

Mako na uku bai fito ba. In zan fita in leƙa, in same shi kwance ya juya wa ƙofa baya, ido biyu. Ya daina aske gemu. Farar rigar da yake gogewa da kansa ta zauna a ƙusa. Abinci sai an yi da gaske. Na kai shi asibiti, aka auna komai, likita ya ce ban da rawar hannun bai ga wani abu ba. Muna dawowa ina ta mita a mota cewa likitocin yanzu ba su san aikinsu ba. Sai da muka shigar da Baba ɗaki, maigidana, wanda magana ke yi wa wuya, ya tsaya a kicin yana kallon injin.

"Kin tuna abin da aka ajiye a lungunsa lokacin da suka sallame shi?"

Na tuna. Wani dogon inji ne mai maɓallai, kowa ya danna ya ɗauka. Ni da kaina na yi ta zagin kamfanin a lokacin, na ce ba su da mutunci. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Garin neman gira na rasa ido.

Da safe na zare wayar injin daga bango na tura ta bayan kanta. Na hau kujera na sauko da kayansa, na wanke, na jera. Sannan na je na buga masa ƙofa.

"Baba, injin nan ya lalace. Ga shi zan makara, kaina har ciwo yake. Ka taimaka mini."

Can na ji motsi. Ya daɗe kafin ya fito, kuma da ya fito da hularsa a kai. Ya tako a hankali yana dafa bango har kicin. Ya dubi butar, ya dubi injin niƙan, ya kai hannu ya shafa mariƙinsa. Hannun na kaɗawa har ƙarfen na ƙara a kan kanta. Ya janye shi.

Sai ya juya wajen baƙin injin. Ya leƙa gefensa, ya leƙa bayansa. Ya sunkuya da ƙyar, ya laluba ya jawo wayar. Sau uku yana kai ta bakin soket tana kaucewa. A na huɗu ta shiga. Fitila ta kama, ruwa ya fara ƙara a ciki.

Ya miƙe yana haki, bai kalle ni ba.

"Lafiyarsa ƙalau, Uwata. Kin iya zaɓe."

"Baba, taka nake so."

"Na sani," ya ce. "Amma ni ba a taɓa ba ni aiki don tausayi ba."

Ya dafa bango ya koma ɗakinsa, ya tura ƙofar a hankali. Bai ƙara shiga kicin ɗin nan ba.