Bakwaini da kunyar ɗan fari

Jikana na farko wata bakwai ya yi a ciki. Da aka sallame su daga asibiti, uwarsa ta taho wanka gidanmu a Tudun Wada, shi kuma yana ɗaure a ƙirjinta cikin zani, ba komai a jikinsa sai hula da safa da ɗan kunzugu. Nas ta ce haka zai zauna, fatarsa a kan fatar uwa, don bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa.

Na zauna a Kumasi da Umdurman da Yamai a shekarun da aiki ke yawo da maigidana. Na ga masu goyo a baya, na ga masu saɓawa a kwiɓi. Amma ban ga inda uwa ke kunyar ɗanta na fari kamar mu ba. Mu a wajenmu ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa a gaban manya. Haka na tarbiyyantar da 'yata, ta kuma ɗauka.

To, sai 'yan barka suka fara zuwa, daga Gyallesu, daga Tudun Jukun. Da ta ji sallama sai ta kwance zanin ta miƙo mini shi, ta kawar da kai. Ni kuma in naɗe shi da tawul biyu da shawul, ina jin daɗin a ga 'yata mai kunya ce. Yayar maigidana ma har da tsiya:

"Wannan ne angon naki, Hajiya? Ai sai ki sa shi a aljihu!"

Ana ta dariya, yana yawo hannu zuwa hannu.

Rana ta uku da hantsi ya ƙi kama nono. Na taɓa ƙafarsa a cikin tawul, na ji ta sanyi ƙalau. Muka koma asibiti a keke napep.

Nas ɗin, sa'ar 'yata, ta auna shi ta dube ni.

"Mama, awa nawa yake yi a ƙirjinta?"

"Idan babu baƙi," na ce.

"Gidan jego a Zariya, yaushe babu baƙi? Tawul ba ya ba da ɗumi, Mama, wanda ya tarar yake tsarewa. Shi kuwa ba shi da shi."

'Yata ta sunkuyar da kai, ta kasa ɗaukarsa a gabana. Na gane ba baƙin kaɗai take kunya ba. Ni na buɗe mata riga da hannuna, na kwantar da shi tsakanin nononta, na ɗaure zanin.

"Riƙe ɗanki," na ce. "Wanda ya yi magana, ki turo mini shi."

Kwana biyu suka riƙe mu. Da la'asar ɗin rana ta biyu ya lalubi nono da kansa ya kama. Ta sa hannu ta tallafe ƙeyarsa, tana kallonsa, ina zaune a gefen gadon.