Bututu Biyu a Kan Bencin Orval

Duk wanda ya taɓa sa shuɗin kayan soja a gundumarmu ya fita kwaikwayon yaƙin basasar Amurka ya san ƙofar Orval Kreider. Shekara talatin ya yi yana gyaran injinan tatsar nono a gonakin Pennsylvania, da gwiwa ta gaji sai ya koma rumfar bayan gidansa ya rungumi bindigogin da ake ɗurawa ta baki. Ni Lowell maƙwabcinsa ne, kuma ƙungiyar harbinmu ɗaya. Tsantsenin mutumin nan har ya yi yawa. In ka ba shi aron guduma sai ya shafe ta da mai kafin ya maido, sannan ya yi maka faɗa a kan ƙotarta.

Bindigoginmu ba na kakanni ba ne. Sababbi ne da ake ƙerowa a ƙetare a kan siffar na da, kuma suna zuwa da rubutun masana'anta ɓaro-ɓaro a jikin bututu. Mu kuwa muna jin kunyar rubutun nan, don wai sojan 1862 bai riƙe irinta ba. Aikin Orval ke nan: ya sa magagari ya goge rubutun tas, ya buga tambarin gaggafa da tsohuwar shekara. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, cikin abin da ake gogewa har da hatimin gwaji, wanda ke nuna an ɗura wa bututun albarushi fiye da kima bai fashe ba. Shi ya sa Orval ke liƙa wa kowane bututu 'yar takarda mai nuna na wane ne kafin ya taɓa shi.

A bazarar nan bututu biyu suka haɗu a bencinsa, tsawo ɗaya, ƙira ɗaya. Ɗaya mai hatimi ne, na Marcy Gehman, 'yar ƙanwarsa, wadda ta fi mu duka iya harbi. Ɗayan wani mutum ne ya tsinto shi a gwanjo, ba hatimi ba asali, yana so a ƙawata masa ya rataye a bango. Orval ya goge rubutunsu, ya haɗa bindigar Marcy ya ba ta.

Ranar Asabar da hantsi ina wanke mota sai ga shi ya tsallako shinge ba ko sallama, da tsintsiya a hannu. Ya buɗe ɗaya hannun, na ga takardu biyu sun naɗe da juna, duk garin ƙarfe.

"Ƙarƙashin benci na sharo su," in ji shi. "Duka biyun, Lowell."

"To, ba ka san wanda ka ba ta ba?"

"Na hagu na ba ta. Tun ɗazu nake tambayar kaina, hagun wa? Nawa, ko na mai shigowa?"

Na so in yi masa ba'a, amma na ga ba wasa yake yi ba. Ranar ce ranar gasa a filin harbi na kwari, tafiyar awa biyu, kuma ƙarfe goma sha ɗaya za a kira layin Marcy. Muka kira wayarta sau uku ba ta shiga ba, don waya ba ta kamawa a kwarin nan. Na ce ya gwada wanda ya rage a rumfa mana, in ya fashe shi ke nan mun huta. Ya ce in bai fashe ba fa? Bututun banza ma yakan jure harbi ashirin kafin ya nuna halinsa. Na ajiye bokiti muka shiga mota.

Ban taɓa ganin hanyar nan ta yi tsawo haka ba. Wata tarakta ta tare mu wajen mil huɗu. Orval na zaune da igiya da tsohuwar taya a bayansa, yana ta lissafin abin da ya yi ranar, ya kai ƙarshe ya sake daga farko. Can ya ce, "Kan cinyata ta koyi ɗura bindiga. Uwarta ba ta so ba, ni na ce ta bar min ita." Na ƙara taka mota.

Tun daga ƙofar fili muke jin ƙara, hayaƙi fari ya rufe layi. Muka tarar da Marcy a inuwar tanti tana cin gurasa da tsiran alade, bindigar a jingine, saura layi ɗaya a kira su.

"Kawu, kai ne da rana tsaka? Ka zo ganin yadda ake harbi ne?"

"Ba ni bindigar nan, Marcy."

"Wace bindigar? Minti goma ya rage. In kewarta kake yi ka jira a tashi."

Mutane sun fara juyowa, kuma rabinsu aikinsa ne a kafaɗarsu. Zai iya jan ta gefe ya ce kunamar bindigar ce ke son gyara, ba wanda zai sani. Sai ya cire hula ya faɗa da ƙarfi yadda alƙalin fili, mai kula da gasar, zai ji: ya goge bututu biyu, takardunsu sun faɗi, bai san wanda ke hannunta ba. Wani daga baya ya ce, "Orval ɗin?" Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Marcy ta ce bindigarta lafiya lau take, amma alƙalin fili ya riga ya miƙa hannu. Aka kai ta bayan tudun ƙasa. Orval ya zare bututun daga ƙota, ya ɗaure shi a jikin taya, ya zuba albarushi ninki biyu da harsashin dalma biyu, ya ja zaren wuta mai tsawo. Muka laɓe bayan mota. Harbin farko ya tashi lafiya.

"Ka gani ko? Ka sa na rasa layina a banza," in ji Marcy.

Orval ya koma kan bututun. Ya goge, ya auna, ya sake ɗurawa. Ƙarar ta biyu daban take, gajeruwa, kamar an yar da murfin tukunya. Da hayaƙi ya washe muka matsa. Bututun ya tsage kusan taƙi guda, ƙarfen ya buɗe baki daidai inda mai harbi ke tallafewa da hannun hagu.

Marcy ta tsuguna ta daɗe tana kallon tsagar, sannan ta ce a hankali, "Kawu, ranar Laraba sau arba'in na harba ta."

Orval ya nemi wuri a ƙasa ya zauna. Ta je ta zauna kusa da shi, ya kama hannunta na hagu ya riƙe, har aka kira layi na gaba bai sake shi ba.