Ranar da Gwaggo ta yi amai a gidan mai

Ko sunana zan manta, ba zan manta da wata ranar Alhamis a ƙarshen damina ba, lokacin ina direban wani Alhaji, tsohon babban sakatare, a Nassarawa GRA. Ku sababbin direbobi, ku gyara zama.

Alhaji yana da wata tsohuwar mota da ya fi ƙauna a kan sababbin. Ta girme ni, ina jin ta girmi kwaltar unguwar ma. Mu ma'aikatan gida Gwaggo muke kiranta, saboda tari da rigima, amma a ɓoye, don Alhaji yana da gwaggo ta gaske a Giginyu, wadda ta raine shi.

Ranar zai tafi Umara, jirgi zai tashi da azahar. Ya kafe sai da wannan motar za a kai shi, alhali ta yi wata biyu a ajiye. Ya ce in kai wa gwaggonsa saƙo, in sha mai, in dawo.

Na kai saƙon lafiya; a gidan mai aka samu matsala. Da an danna famfo sai ya katse, mai ya dawo waje ya wanke mana ƙafafu. Ga waɗanda ba su sani ba, tanki yana da ɗan tiyon da iska ke fita idan mai yana shiga. In ya toshe, ko Sarkin Direbobi ne kai, mota ba za ta sha ba.

Na kira Malam Bitrus, akawun Alhaji, mutumin Zariya. Ban san ya saki muryar wayar ba, Alhaji na tsaye a kansa.

Na ce, "Malam Bitrus, Gwaggo fa ba lafiya. Duk abin da aka ba ta sai ta amayar. Ni na daɗe ina faɗa, tsohuwar nan ta gama yayi."

Sai na ji salati, waya ta mutu.

Wani bakanike a gefen gidan man ya zura waya cikin tiyon, sai ga gidan zanzaro, da ƙasarsa da 'ya'yansa. Wallahi saura kaɗan in ce bene ne. Mota ta sha ta ƙoshi.

Bitrus ya kira: "Sani, taho Giginyu. Ka taho da addu'a."

Na tarar da Alhaji da likita a tsakar gida, gwaggo kuwa tana zaune daram tana cin ɗanwake da yaji. Alhaji ya miƙo hannu. "Ba ni makulli. Uwata ce ta gama yayi?"

'Ya'yana shida suka gilma mini a ido. Na durƙusa na fayyace komai, har da zanzaron.

Gwaggo ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce a kai ta ta ga takwararta. Ta zagaya motar, ta ɗan daki bayanta.

"Ita ma sai an lallaɓa take sha?"

"Sai an lallaɓa, Hajiya."

"To, ni ce sak. Kai Audu," haka take kiran Alhaji, "mayar masa da makulli. Wanda ya iya da mu biyu ba a korarsa."

Muka isa filin jirgi ana kiran fasinjoji.

Abu biyu na koya. Motar da ta daɗe a ajiye, a duba tiyon iskarta kafin a je gidan mai. Kuma a waya, mota sunanta mota. Tun da Alhaji ya dawo daga Umara, in ya ce in fito da Gwaggo, sai na tambaya: "Ranka ya daɗe, mai taya ko mai ɗanwake?"