Madam Asabe da zanen Baba Iro

Da safen nan labari ya iske ni ina shirin tafiya makaranta: Madam Asabe ta rasu jiya a Manchok.

Na ajiye jaka na zauna a bakin gado. Gaskiya na gaji da irin wannan kiran waya. Waɗanda suka raine mu sai tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Ita ta koya mana zane a aji uku a Kafanchan, shekarar da gari ya rikice, a 87. Ba fenti, ba buroshi. Takardar buhun siminti ce, da gawayi, da jar ƙasa, da bular wanki da take kawowa daga gida.

Wata rana ta ce kowa ya zana gwarzonsa. Maza duk suka zana 'yan ƙwallo da sojoji. Ta tattara, ta yaba, sannan ta ce a sake, ita wanda ka taɓa gaisarwa take so. Kuma ba a manna zanen a bango. Wanda ka zana shi za ka kai wa, hannu da hannu.

Ni Baba Iro mai facin keke na zana, wanda ya saɓa ni a kafaɗa ya ruga asibiti ranar da man ƙosai ya zubo mini a ƙafa. Na yi masa kai kamar kabewa. Sai dai bayan rikicin ya kwashe iyalinsa ya koma hayin dogo, mamata kuwa ta ce ko da wasa kada in tsallaka.

Madam ba ta yi gardama da mama ba. Ranar Asabar ta zo ta zauna tana taya ta ɓarar gyaɗa, har mama ta gaji ta ce mu je.

Madam ta riƙe hannuna muka tsallaka. Baba Iro ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Rifkatu, kaina ya kai haka girma?" Ya yi dariya, sai ga hawaye.

Yanzu ni ma malama ce, kuma ina sa yarana wannan zanen. A bara na je gaishe da Madam, idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Ta tambaya ko yaran suna kai zanen. Na ce Madam, gari ya rabu, iyaye ba sa yarda, ni kuma ƙarfina ya ƙare.

Ta ce, "To wa ya ce maki ni ban gaji ba wancan lokaci? Tsoro ma na ji. Ki je ki ɓare gyaɗa."

Akwai wata yarinya a ajina da ta zana Inna Hajo, mai nonon da ta goye ta ta kai ta gida ranar da ta ɓace a kasuwa. Babanta ya hana a kai. Gobe Asabar zan je gidansu, ban san ko zai saurare ni ba.

Ubangiji ya ba Madam hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da iyalinta. Don Allah duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ya sa ta a addu'a. Ku roƙa mini ni ma, baban yarinyar nan ya ce mu je.